Sunan Ndagi a Gefen Layi

Na san yadda kuke ba da labarin nan in ba na wurin. Kada ku yi musu. Bangon gidanmu na Tudun Wada ba bango ba ne, labule ne aka shafa wa siminti, ko sauro ya yi tari a ɗakin mamanku ina jin sa daga zaure. Kuna ce mata shekarar da Baba ya auri kwamfuta. Hauwa ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Sadik ya ce tsoron sabon abu ne irin na mutanen da. Mamanku kuwa ta ce ba tsufa ba ne ba tsoro ba ne, taurin kai ne na Katsinawa, kuma da idonta biyu ta aure shi. Duk na ji. To yau zan faɗi nawa, tunda likita ya hana ni gishiri ya hana ni maiƙo amma bai hana ni magana ba, da ya gwada kuwa da shi za a ba gado a asibitin.

Sai na fara da Ndagi. Ku kun san shi a Baba Ndagi mai kawo muku ƙuli-ƙulin Bida a baƙar leda, ya zauna a zaure, ya sha ruwa, ya tashi ya tafi bai ce uffan ba. Ni kuwa shi ne mutumin da muka raba shago ɗaya a Tunga, a saman shagon wani mai sayar da taya, tun zamanin da in ka ce wa mutumin Minna sana'arka rubuta manhaja ce sai ya dafa kafaɗarka ya ce Allah ya kawo aikin yi. Shi Banufe ne, ni Bakatsine ne ta wajen kaka, kun ga ke nan an halatta mini shi tun kafin a haife mu. Ina ce masa bawana a gaban kwastoma. Shi kuma ya ce mini Bakatsine, da wata irin murya kamar sunan cuta yake faɗi. Mutumin nan in ya amsa gaisuwar safe to ya cinye rabonsa na maganar ranar. Ni kuwa kun san ni, in na rasa wanda zan yi wa surutu fanka ma ba ta tsira ba. Haka muka zauna shekara da shekaru, teburinsa na kallon nawa, ina zuba yana shiru, acaɓa na ihu a ƙasa, warin taya na hawowa ta taga. Mun yi wa makarantu aiki, mun yi wa masu kantin magani, amma babban aikinmu na wani ƙaramin asibitin haihuwa ne a Maikunkele: manhajar da ke aika wa masu ciki saƙo a waya, ta tuna musu ranar awo da ranar rigakafin jariri.

Hauwa, ke ba sana'arki ba ce, bari in yi miki bayani. Rubutun manhaja kod muke ce masa. Layi-layi ne kamar karatun allo, sai dai in ka ɓata waƙafi ɗaya ba bulala za ka sha ba, komai ne zai tsaya cak ya zuba maka ido. A cikin wata babbar manhaja muke rubuta shi. Ba zan faɗi sunanta ba, ba su biya ni talla ba, mu dai maƙera muke ce mata. To ita maƙerar nan tana da wani ɗan abu ƙarami, wanda ko a takardar tallarsu ba su taɓa ambata ba. Duk layin da ka ajiye tsinken nan mai ƙifta ido a kansa, can a gefen dama sai wani rubutu ya fito dishi-dishi, kalar toka: sunan wanda ya taɓa layin daga ƙarshe, da yaushe, da ɗan bayanin da ya bari lokacin da ya adana aikin. Ka matsa layi na gaba, ya ɓace, wani ya fito. Shi ke nan. An yi shi ne don in abu ya lalace a san wanda za a zaga.

A nan na gano Ndagi ba shiru-shiru ba ne, munafuki ne kawai. Duk maganar da bakinsa ya ƙi yi a nan yake ajiye ta. Zan zo ina neman kuskure, in sa tsinke a layi, sai in ga:

"Ndagi, jiya: na kwashe sharar Bakatsine."

In ɗago kai in dube shi, yana nan fuska kamar ta liman. Sai in gyara layin da ke ƙasa in bar masa nawa:

"Bala, yau: sharar da ke ciyar da kai da iyalinka."

Bayan sati in dawo in tarar:

"Ndagi: wannan yana aiki, ban san dalili ba, kada Bakatsine ya kusance shi."

Rigimarmu biyu ce, kuma har ya bar duniya ba a raba ba. Ta farko: a kod ana tura wasu layuka ciki kaɗan daga gefe, don a ga wanne ke ƙarƙashin wanne. Ko ka danna maɓallin tab sau ɗaya, ko ka bubbuga dogon maɓallin nan na ƙasa. A ido duk ɗaya ne, amma kwamfuta ta san bambanci. Ndagi ɗan tab ne, ya ce malalaci mai hankali ya fi mai ƙwazon banza. Ni ɗan bubbugawa ne, ina son a ji daga titi cewa ana aiki a sama. Ta biyu: ni ina cusa layuka ne kamar direban keke napep a Tunga ranar kasuwa, wannan a cinyar wannan. Shi kuma sai ya bi bayana yana buɗe fili, ya bar layi guda babu komai tsakanin wannan da wancan.

"Banufe, filin gado ne kake rabawa? Sikirin ɗin ma haya muke."

"Ido ma yana gajiya," in ji shi. Ya gama maganar ranar.

Wata Juma'a ya rufe laftof ɗinsa da wuri, ya ce jikinsa ba daɗi, zai je Bida ya ga tsohuwa ya huta. Na ce masa duk Banufen da ya ga aiki ya yi yawa sai zazzaɓi ya kama shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube ni, ya ce:

"Litinin."

Ran Litinin ina Bida, a sahu na biyu, ana yi masa salla.

Ba zan daɗe a nan ba, kun ga abin da kuka gani. Abin da ba ku gani ba shi ne bayan an watse. Ba a jima ba Hauwa ta haihu a Kaduna, haihuwar ta zo da wahala, mamanku ta tafi wankan jego ta ce sati kaɗan, sati kaɗan ya yi 'ya'ya ya yi jikoki. Sadik yana jami'a. Gida ya zama ni da ƙadangaru. In tashi in sha shayi a bakin titi, in hau keke zuwa Tunga, in buɗe shago, in ga kujera. Wallahi na gwada zolayar wasu. Na ce wa mai tayan ƙasa cikinsa ya fi tayar tirela, mutumin ya ɓata rai har sai da na ba shi haƙuri. Sai na gane ashe duk shekarun nan ba iya barkwanci na yi ba, wurin jefawa na samu. Mai wasa in babu abokin wasa, mahaukaci ne kawai da bai fara tsince-tsince ba.

Ranar da na iya buɗe aikin asibitin, wani ɗan gyara zan yi. Na sa tsinke a wani layi ba da niyyar komai ba, sai ga shi dishi-dishi a gefe:

"Ndagi, bara: Bakatsine ya ce wannan ba zai yi aiki ba."

Na yi dariya har mai taya ya leƙo. Na ce da ƙarfi, to ai da ƙyar ya yi, munafuki. Na sauka layi na gaba. Ndagi. Na gaba. Ndagi, yana cewa na sa ranar awo ta faɗo ranar Lahadi, ko ni zan duba matan. Ku fahimce ni da kyau, ban haukace ba. Na san inda muka sa shi, da hannuna na zuba ƙasa. Amma layukan nan sun yi yawan da ba zan iya haddace su ba, saboda haka kullum ina cikin aiki sai in yi karo da wata maganar da na manta ko ban taɓa gani ba. Ba neman sa nake ba. Shi ke tare ni a hanya, ya faɗi baƙar maganarsa, ya wuce. Da wannan na ci gaba da zuwa shago. Da wannan na ci gaba da yin wanka ma, in gaya muku gaskiya.

Sai wata safiya maƙera ta ce ta sabunta kanta. Na buɗe, ta yi kyau, an yi mata fenti, an zagaye mata kusurwa kamar sabulun otal. Na sa tsinke a layi. Gefen dama fari fat. Na sauka, na hau, na shiga saiti na birkice shi kamar mai neman ɗan kunne a buhun gero. Babu. Can ƙasan bayanin sabuntawar, bayan sun gama yabon kansu, na ga rabin layi: an cire rubutun gefe don rage cunkoso. Cunkoso! Ni da nake zaune ni kaɗai a ɗakin da in na yi atishawa bango ke ce mini yarhamukallah.

Sai idona ya faɗa kan laftof ɗin Ndagi, tana nan inda ya rufe ta ran Juma'a. Kafin in buɗe ta na kashe intanet ɗin shagon gaba ɗaya, na cire waya daga bango, har wayata na kashe, kada ta shaƙi wani abu a iska. Na buɗe. Tsohuwar maƙera tana nan, sunayen suna nan. Daga ranar na koma teburinsa. Na hana laftof ɗin nan ganin intanet kamar mai tsaron maras lafiya daga sanyi, domin na san daƙiƙar da ta leƙa waje za ta sabunta kanta ita ma. Wannan shi ne auren kwamfutar da kuke faɗi.

Kuma ya ci mini abin da ya ci, ban musa ba. Duniya ba ta tsaya jirana ba. Wayoyi suka canza, tsohuwar maƙera ba ta iya haɗa manhajar da za ta hau sababbin. Makaranta ta farko ta kira, na ce ana kan aiki. Ta biyu ta kira, na ce masu wuta ne. Mai kantin magani ya zo da kansa, na ce masa wata cuta ce ta shigo daga ƙasar waje tana cin kwamfutoci, duk wanda ya sabunta sai ta kama shi, har ya yi mini godiya. Da ɗaya da ɗaya suka koma wajen yaran da ke da sabon kaya. Mamanku ta kira daga Kaduna, jaririya na tsala kuka a bayanta.

"Baban Hauwa, an ce ka kori kwastomominka."

"Wa ya ce?"

"Minna ce ta ce. Me ke damunka?"

"Kwamfutar ce ba ta son iska."

"To ka ci gaba da lulluɓe ta. In ta haihu ka kira ni in zo wankan jego."

Na so in gaya mata. Bakina ya buɗe, sai na ji yadda abin zai fito: wai ina zaune ne ina gadin wani rubutu kalar toka. Sai na ce mata ta gaishe da amaryata, na kashe.

Wadda ba ta gudu ba ita ce Madam Laraba, shugabar masu jinya ta asibitin Maikunkele. Bagwariya ce, doguwa, ta karɓi haihuwar rabin ƙaramar hukumar, saboda haka babu namijin da ke ba ta tsoro, ta ga farkon kowa. An ba su sababbin wayoyi, manhajarmu ta ƙi hawa, saƙo ya daina fita. Ta hawo benen nan tana haki, ta ƙi zama.

"Oga Bala, mata ba ya zuwa awo. Da, waya yana yi ƙara, miji ya gani, ya ba shi kuɗin mashin. Yanzu shiru. Jiya an kawo mini wani yarinya daga ƙauye, ƙafa ya kumbura kamar turmi, wata uku ban gan shi ba. Ya ce yana jiran saƙo."

Na fara ba ta labarin cutar ƙasar waje. Ta ɗaga hannu.

"Ni ba mai kemis ba ne. Mai shiru ɗin nan da ya mutu, da yana nan da ya gyara tun tuni."

Na ce mata sati biyu. Ta tafi. Na zauna ina duban laftof biyu, ina lissafin yadda zan yi aiki a sabuwa in riƙa leƙa tsohuwa, kamar mai gida biyu a unguwa ɗaya. Da hakan zan yi. Amma a satin nan sai ga Gogo Fati, matar Ndagi, ta fita takaba ta zo Minna. Ta kawo mini ƙuli-ƙuli a baƙar leda, irin ledar. Muka gaisa, ta dubi kujerar da nake kai ta kawar da kai. Sai ta ce babban ɗansu ya sami gurbi a jami'a, karatun kwamfuta zai yi irin na babansa, an ce dole sai da laftof.

"Na ce masa ta babanka tana wajen Malam Bala. In dai ba ta cikin kayan shago."

Ina da hanyoyi a ranar, kuma duk na gan su. In ce ta shago ce. In ce ta lalace. In ce zan saya masa wata, alhali a lokacin ko linzamin kwamfuta zan saya sai na yi shawara. Ni da na sayar wa mai kemis cutar da babu ita, me zai gagare ni? Amma matar nan ta zauna ne irin zaman mijinta, hannu a gwiwa, ba ta ƙara ko kalma ba. Na kwashe aikinmu daga ciki, na goge mata ƙura da hular kaina, na naɗe cajar, na sa a jakarsa. Na ce ta gaya wa yaron ya haɗa ta da intanet da ya isa, ta daɗe ba ta sha iska ba.

"Allah ya bar zumunci," in ji ta.

Na ce amin, amma Nufawa ba su iya ƙuli-ƙuli ba, mu muka koya musu. Ta yi 'yar dariya a bakin bene. Ita ce dariyar farko da na ciro daga bakin mutum tun rasuwar.

Daga nan sai ni da sabuwar maƙera, fara fat kamar ɗakin tiyata. Masu ita suna da wani zaure a intanet inda ake kai ƙorafi. Na shiga da Turancina na Tudun Wada na ce a dawo da rubutun gefe. Wani yaro daga cikinsu, daga hotonsa ko gemu bai gama haɗawa ba, ya amsa da ladabi cewa mutane kaɗan ne ke amfani da shi, kuma ai tarihin yana nan, in na buɗe taga kaza na danna kaza zan ga wanda ya rubuta kowane layi. Na sani. Ni zai koya wa? Amma zuwa maƙabarta daban, haɗuwa da mutum a hanya daban. Ban ce masa haka ba. Na ce masa a jiharmu kasuwanni sun rufe saboda abin nan. Na ce masu rubuta manhaja na Afirka ta Yamma sun yi taro sun naɗa ni kakakinsu. Na buɗe wani suna na goyi bayan kaina, na sake buɗe wani na goyi bayan mai goyon bayan. Babu wanda ya kula. Sai ranar da ƙarya ta ƙare mini, na rubuta layi biyu kawai. Na ce abokin aikina ya mutu, a nan kaɗai yake yi mini magana. Na rufe na tafi masallaci. Da na dawo na tarar da mutane a ƙarƙashin maganar, daga ƙasashen da sai na duba taswira. Wata ta ce ita ma haka, mijinta. Wani ya ce malaminsa. Wasu ba su ce komai ba, hannu kawai suka ɗaga. Yaron bai amsa ba. Aka yi shiru, shirun ya yi tsawo, har na daina leƙawa.

Ga kuma sati biyun Madam Laraba sun zama abin da suka zama. Sabuwar maƙera tana da tsabta irin ta sabon shiga addini. Ta ja jan layi a ƙarƙashin duk inda tab da bubbugawa suka cakuɗu, ta ce ba za ta haɗa manhajar ba sai an zaɓi tsari ɗaya. Ta nuna mini maɓalli: gyara duka. Madam na kira, ina tuna yarinyar mai kumburin ƙafa. Na zaɓi nawa tsarin, mana. Har na dubi kujerarsa na ce:

"Banufe, yau dai na ci ka da yaƙi."

Na danna. Kafin in sauke hannu ta gama. Ta bi layukansa kaf ta sauya, wanda ba shi da tab ma ta sami abin taɓawa a jikinsa, ta matsar da waƙafi, ta daidaita alama. Na adana, na rubuta "gyaran tsari", na ci gaba da aiki a kai. Manhaja ta hau sababbin wayoyi, saƙo ya fita, mata suka dawo awo. Madam ta aiko mini da doya wadda sai da mutum biyu suka hau da ita bene. Mamanku ta dawo daga Kaduna ta ce na rame kamar sandar rake da aka tsotse. Rayuwa ta ɗan miƙe. Ban sake tunanin maɓallin nan ba ko sau ɗaya. Abin da ba ka gani, ba ka tuna kana iya taka shi.

Bayan damina Sadik ya kira ni daga makaranta, ina cin tuwo da rana.

"Baba, kai ne Bala na Minna a zauren masu maƙera?"

"Ya danganta. Me ya yi?"

"Sun dawo da abinka. Har sun rubuta cewa saboda masu roƙo ne. Baba, wai kai ne kakakin Afirka ta Yamma?"

Na bar tuwon. Mamanku na tambaya ko gobara ce, na ce baƙo zan tara. Na sa babbar riga, wallahi, wadda nake zuwa ɗaurin aure da ita. Na tsaya na sayi ƙuli-ƙuli, na hau keke ban yi ciniki ba, direban har ya waiwayo ya ga ko lafiya. Na buɗe shago, na kakkaɓe kujerarsa, na kunna kwamfuta, na ce wa maƙera sabunta, yau ni ke roƙon ki. Ta gama. Na buɗe aikin asibiti, na nemi layin nan na ranar Lahadi, na sa tsinke. Rubutun toka ya fito, dishi-dishi, kamar bai taɓa tafiya ba. Sabon salo ma suka yi, in kai ne ba sa sa sunanka.

"Kai: gyaran tsari."

Na sauka. Kai, gyaran tsari. Na sauka. Kai. Na buɗe wani fayil, na buɗe wani. Kai, kai, kai. Abin da na sani kamar sunana: wanda ya taɓa layi daga ƙarshe shi ake rubutawa. Na yi wata da watanni ina roƙon mutanen wata duniya su buɗe mini ƙofa, suka buɗe, na shiga da babbar riga na tarar da kaina zaune a kowace kujera. Acaɓa na ta ihu a ƙasa. Na ɗora yatsa a maɓallin sauka na bar shi, layuka na gudu, ba karantawa nake ba, na rasa abin da zan yi da hannun ne kawai. Da na ɗaga, tsinken ya tsaya a wani fili, ɗaya daga cikin layukan nan da babu komai. A duk shekarun nan ban taɓa tsayawa a kansu ba, me mutum zai tsaya yi a kango? Ita ma maƙera da ta zo gyaranta ba ta sami abin gyarawa a wurin ba, ta tsallake. Can gefen dama:

"Ndagi: numfasa, Bakatsine."

Na nemi fili na gaba. Shi ne. Na gaba, shi ne. Duk inda ya bi bayana ya buɗe, abin da ya riƙa rubutawa ke nan, shekara da shekaru, bai taɓa canza ko harafi ba, bai kuma taɓa ce mini in duba ba. Na zauna a nan har aka kira la'asar. Na ci ƙuli-ƙulin ni kaɗai. Ya yi tauri, Nufawa ba su iya ba.

Sadik, na san abin da za ka ce, ka ma faɗa: akwai dabarar da za a ce wa maƙera ta yi kamar ranar gyaran tsari ba ta faru ba, sunayen su dawo. Na sani. Na bar shi haka. Lokacin da maganarsa ke ko'ina, rama zagi kawai nake yi, ban taɓa jin wannan ba.

Yanzu shagon naka ne, kuma na ji kana cewa aikin asibitin ya tsufa, za ka sa sabbin na'urorin nan masu rubuta kod da kansu su sake shi. Sake. Goge nawa duka, dama rabinsa shara ce, an gaya mini. Amma in ka zo kan layin da babu komai, kada ka matse shi don ka rage tsawo. Akwai mutum a wurin. Sa tsinke, ka gaishe shi, ka yi abin da ya ce.